Darasi na Bakwai: Yadda Ake Tsara Rigar Tseren Keke da Ɗinka Ta

A wannan darasi za mu karanta bayanin wata riga ta musamman, wadda masu tseren keke suke sawa. Za mu san dalilin kowane yanka da kowane ɗinki da ke jikinta, mu yi awo, mu rubuta lambobi, sannan wanda yake da keken ɗinki ya gwada hannunsa. A zo aji da tef ɗin awo, da alli, da fensir, da tsohuwar jarida, da rigar ƙwallo guda ɗaya, ko da ta gwanjo ce.

Ku maimaita waɗannan kalmomi bayan malami, sannan ku rubuta su a littafinku: jesi, ulu, foliyesta, zif, kalmasa, hammata, sirdi.

Karatu na farko: jikin da yake a sunkuye

Kowane tela ya san yadda ake auna mutum. A tsayar da shi ƙyam, ya saki hannuwa, a ɗora tef daga kafaɗa zuwa ƙasa. Haka ake yi wa mai kaftani, haka ake yi wa mai 'yar shara. To amma mai tseren keke ba a tsaye yake aikinsa ba. Yana kan sirdi, ya duƙa gaba, hannuwansa sun miƙe sun kama kan keken, ya ɗaga haɓa yana kallon titi. A haka zai shafe awa huɗu ko biyar yana taka feda.

Mutum ɗaya ya taso ya sa rigar ƙwallon da aka kawo. Ya sunkuya, ya miƙa hannuwansa gaba kamar yana kan keke. Sauran ku duba da kyau. Bayan rigar ya ɗage, ƙugu ya fito waje. Gabanta ya tattaru a ciki yana reto. Wajen hammata da kafaɗa kuma yadin ya ɗaure tamau yana ja. Waɗannan aibu uku su ne mai tsara jesin keke yake yaƙi da su, kuma wanda ya gan su da idonsa ya riga ya fahimci rabin darasin.

Saboda haka ake yanka bayan rigar ya fi gaba tsawo, domin ya rufe ƙugu idan an duƙa. Gaban kuma a gajarta shi don kada ya taru. Ana karkato hannuwan rigar gaba, inda hannun mahayi yake fuskanta. Idan mai jesi ya miƙe tsaye za ku ga kamar rigar ta yi masa kaɗan a gaba, kafaɗun ma kamar sun ɗan ja. Kada tela ya ce zai gyara wannan. Da zarar mutumin ya hau kekensa, rigar za ta zauna daram.

Akwai kuma maganar iska. Mai gudu a kan shimfiɗaɗɗen titi, mafi yawan ƙarfinsa wajen keta iska yake tafiya. Duk inda riga take kaɗawa, iska tana kama wurin tana jan mahayi baya. Shi ya sa ake ɗinka jesi ta lafe a jiki.

Karatu na biyu: yadi da gumi

Mahayan farko a Turai rigar ulu suke sawa, wato saƙar gashin tumaki. Ulu yana da kirkinsa, don yana riƙe ɗumi ko da ya jiƙe, kuma ba ya saurin wari. Amma idan ya sha ruwan sama sai ya yi nauyi ya saki, aljihu ya riƙa lilo. A tsofaffin hotuna za a ga har a ƙirji ana yi musu aljihu mai maɓalli.

A 1941 wasu masana biyu a Ingila, Whinfield da Dickson, suka samar da zaren foliyesta. A 1958 kuma wani masani a kamfanin DuPont na Amurka, Joseph Shivers, ya ƙirƙiro zare mai talewa ya koma yadda yake, wanda aka sani da Lycra. Sannu a hankali waɗannan biyu suka ture ulu daga fagen tsere. Yawancin jesin yau foliyesta ne da aka sirka da ɗan zaren mai talewa.

Me ya sa ba a amfani da auduga, alhali ta fi daɗi a fata? Auduga tana shan gumi ta riƙe shi. Rigar sai ta jiƙe sharkaf ta manne, ta riƙa gurje fata, idan kuma mahayi ya gangaro daga tudu iska ta buge shi, sanyi ya kama shi. Foliyesta ba ya shan ruwa sai ɗan kaɗan. Yadda aka saƙa shi, gumi yana bi ta tsakanin zaren ya fito waje ya bazu, iska ta busar da shi. Bushewar nan ita ke sanyaya jiki, kamar dai yadda randar ƙasa take tsatsafo da ruwa ta waje, na cikinta ya yi sanyi. A gefen riga da ƙarƙashin hammata akan sa yadi mai ƙananan huji kamar raga, don iska ta ratsa.

Ku ɗauki rigar ƙwallon ku nemi 'yar takardar da ke wuyanta ko gefenta. Ku karanta lambar da aka rubuta. Idan kun ga 100% to zare iri ɗaya ne zalla. Idan kun ga 90% da 10% to an sirka iri biyu, kashi casa'in da kashi goma. Yanzu ku ja yadin ta faɗi, ku sake jansa ta tsawo. Za ku ji ya fi talewa ta ɓangare ɗaya. Ku riƙe wannan a rai, za mu dawo kansa.

Karatu na uku: launi yana magana

A manyan gasa, launin riga shi ke nuna matsayin mutum. Gasar zagaye Faransa, Tour de France, ta fara a 1903, kuma wata jarida mai suna L'Auto ce ta shirya ta. A 1919 aka fara sanya wa wanda yake kan gaba riga ruwan ɗorawa don 'yan kallo su gane shi a cikin taro, kuma Eugène Christophe ne ya fara sa ta. Ita jaridar ma a wancan lokacin a kan takarda ruwan ɗorawa ake buga ta. An ƙaro koriyar riga a 1953 don wanda ya fi tara maki, galibi gwanin gudun ƙarshe. A 1975 aka kawo fara mai jajayen ɗigo don gwanin hawan duwatsu. A Italiya jagoran gasarsu ruwan hoda yake sawa tun 1931. Zakaran duniya kuwa farar riga ake ba shi mai zane biyar a ƙirji: shuɗi, ja, baƙi, ruwan ɗorawa da kore.

'Yan Afirka sun sa waɗannan riguna. Daniel Teklehaimanot ɗan Eritiriya ya sa mai jajayen ɗigo a Faransa a 2015, ɗan ƙasarsu Biniam Girmay kuma ya lashe koriyar a 2024. Burkina Faso tana gudanar da tata gasar, Tour du Faso, tun 1987, sannan a 2025 aka yi gasar duniya a Kigali, babban birnin Ruwanda.

Rubutu da launin jesin zamani ba fenti ba ne da aka shafa a sama. Ana buga zanen a kan takarda da tawada ta musamman, a kifa takardar a kan farin foliyesta, a danne da injin zafi da ya kai wajen digiri 200. Tawadar sai ta zama tururi ta shige cikin zaren. Don haka rubutun ba ya ɓarewa, kuma ba ya toshe hujin da gumi ke bi. Wannan dabara ba ta kama auduga da kyau. Kamfanoni sukan buga zanen a kan yadi tukuna, kafin a haɗa rigar.

Aiki: awo da yanka

Ku kasu biyu-biyu, maza da maza, mata da mata. Ɗaya ya auna, ɗaya ya rubuta. A auna ƙirji, da ƙugu, da damtse, da wuya. Tsawon baya kuwa sai mutum ya sunkuya za a auna shi, daga ƙashin wuya har zuwa inda ake son rigar ta rufe. A auna shi kuma a tsaye, a cire ƙaramar lamba daga babbar. Abin da ya rage shi zai nuna muku yawan ƙarin da bayan rigar yake buƙata.

A nan ne telan kaftani ya kan yi kuskure. Ya saba ƙara inci uku ko huɗu a kan awo don riga ta sake. A yadi mai talewa ba a ƙarawa. Ana yanka shi daidai awon jiki, idan kuma yana talewa sosai har a ɗan rage. A bar rabin inci kawai na bakin ɗinki.

A zana sassan a kan jarida kafin a taɓa yadi: gaba biyu, dama da hagu, saboda zif zai raba su, baya ɗaya, gefe biyu, hannu biyu, wuya, da ƙyallen aljihu. Hannun da ya fi dacewa shi ne wanda ɗinkinsa ya tashi daga hammata ya nufi wuya a karkace, domin ba ya barin ɗinki a kan ƙashin kafaɗa, kuma yana ba hannu damar miƙewa gaba. Wajen shimfiɗa takarda a kan yadi, ɓangaren da ya fi talewa shi zai zagaya jiki. Idan aka juya shi ya bi tsawo, bayan rigar zai riƙa saki da zarar an sa kaya a aljihu.

Ɗinki

Miƙaƙƙen ɗinkin da muka saba ba ya talewa. Idan aka yi shi a kan wannan yadi, ranar farko da mutum zai sa rigar za a ji zare yana tsinkewa. A yi amfani da zigizag, ko keken da ke kulle bakin yadi, wanda teloli ke kira wibin. A sa zaren foliyesta, da allura mai dasasshen baki wadda ake sayarwa don yadi mai talewa. Ita tana ratsawa ta tsakanin zaren saƙa, mai tsini kuwa tana yanke shi ta bar huji. Kada a ja yadin yayin da yake shiga keke, a bar shi ya tafi da kansa, in ba haka ba ɗinkin zai yi kwane-kwane. Kamfanoni suna da injin da ke kwantar da ɗinki sumul don kada ya gurje fata. Wanda ba shi da shi sai ya kwantar da bakin ɗinkin gefe ɗaya ya bi kansa da zigizag.

Aljihu shi ne wurin da ake gane gwanin tela, don haka a natsu a kansa. A baya ake yin sa, can ƙasa, saboda kayan da ke aljihun gaba za su riƙa reto suna dukan cinya idan an sunkuya. Ƙyalle ɗaya ne dogo, zurfinsa kamar inci bakwai. A fara sa siririyar roba a bakinsa na sama, a ɗan ja ta kaɗan don bakin ya tsuke, kada kaya su zubo. A ɗora shi a kan bayan rigar tun kafin a haɗa gefuna, yadda bakinsa na dama da na hagu za su shiga cikin ɗinkin gefe. Sai a yi ɗinki biyu daga ƙasa zuwa sama, su raba shi gida uku. Saman waɗannan ɗinki biyu shi ne wurin da ya fi shan wahala, domin duk lokacin da mahayi ya cusa hannu ya zaro ayaba ko waya, nan ne yake ja. A liƙa ɗan ƙyalle ta ciki a daidai wurin, a maimaita ɗinki a kai sau da yawa. Telan da ya tsallake wannan, rigarsa za ta yage a nan tun ba a je ko'ina ba, kuma yagewar gadon baya ba ta gyaruwa da kyau.

Zif ba ya talewa, yadi kuwa yana talewa, shi ya sa haɗa su yake buƙatar haƙuri. A kafe shi da fil ko a yi masa ɗinkin hannu na wucin gadi tukuna. A saman wuya a naɗe ɗan ƙyalle ya rufe kan zif ɗin don kada ya soki maƙogwaro. Amfanin dogon zif shi ne mahayi ya buɗe ƙirji ya sha iska yayin hawan tudu, ya rufe idan zai gangara. Daga ƙarshe a yi kalmasar ƙasa da roba. Akwai roba mai ɗigon silikon a ciki wadda take kama wando ta hana rigar ɗagewa, kuma ita ta fi idan an samu.

Ba dole ba ne rigar kowa ta matse. Wanda yake hawa don motsa jiki, ko mace mai son sutura, ana iya sakar musu faɗi a yi dogon hannu. Dogon baya, da yadi mai fitar da gumi, da aljihun baya suna nan yadda suke.

Wanki

Idan kun miƙa rigar ga mai ita, ku gaya masa ya wanke ta ranar da ya sa, don foliyesta yana riƙe wari idan gumi ya kwana a jikinsa. A ja zif a rufe, a juya cikinta waje, a wanke da ruwan sanyi da sabulu kaɗan. A shanya a inuwa. Kada a kusance ta da dutsen guga, zafi yana ƙona yadin ya kashe robar.

Tambayoyi

1. Me ya sa bayan jesi ya fi gabanta tsawo?
2. Wace illa rigar auduga take yi wa mai tsere?
3. An fara gasar Faransa a 1903, an kawo riga ruwan ɗorawa a 1919. Shekara nawa ne tsakani?
4. Tsawon bayan mutum inci 26 ne a tsaye, inci 29 a sunkuye. Inci nawa za a ƙara?
5. Rubuta jimla biyu a kan wurin da aljihu ya fi saurin yagewa, da yadda za ka ƙarfafa shi.

Aikin gida: kowa ya yanka sassan rigar a jarida bisa awon da ya rubuta, ya sa wa kowane sashe sunansa da fensir, ya zana kibiya da ke nuna ɓangaren da yadi zai tale. A kawo su aji mako mai zuwa tare da ƙyalle mai talewa, za mu ɗinka aljihun baya.