Yadda Ake Sa Ido Kan Filin Da Aka Raya A Madadin Wanda Titi Ya Cinye

Duk inda aka shimfiɗa babban titi, akwai abin da ya kwanta a ƙarƙashin kwaltar: dausayi, ko kurmi, ko hanyar da namun daji suka saba bi zuwa ruwa. Ƙa'idar masu aikin muhalli a kan wannan tana da hawa huɗu. A kauce wa ɓarnar in da hali. In babu hali a rage ta. Bayan katafila ta tashi a gyara abin da zai gyaru. Abin da ya gagari gyara kuma a biya diyyarsa da wani fili, a raya shi har ya tsaya a madadin wanda aka rasa. Aikina yana kan hawa na ƙarshe. Ni ake turawa bayan an yi bikin buɗe titi kowa ya watse, in je in ga ko filin diyyar yana da rai.

Abu na farko da nake so ka cire daga ranka shi ne cewa ƙirga dashe shi ne sa ido. Ɗan kwangila zai ce maka ya dasa itace dubu kaza, kuma wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma tambayarka daban ce: wannan wuri ya fara riƙe kansa, ko kuwa hannun mutum ne yake tallafe da shi?

Akwai labarin da nake yawan ba sababbin abokan aiki. A 1996, lokacin da ake gina titin da ya kewaye garin Newbury a Ingila, an tarar da wani ɗan ƙaramin dodon koɗi mai wuyar samu a kan layin aikin, tsawonsa bai wuce milimita 3 ba. Aka kwashe shi tare da ciyawar da yake zaune a ciki, aka kai sabon dausayin da aka shirya masa. A 2006 aka ba da rahoton cewa ya ɓace daga wurin, domin laka ta toshe bututun da ke kai ruwa, dausayin ya bushe. Bututu ne kawai. Da akwai mai zuwa yana leƙa shi a kai a kai, da shebur ɗaya ya isa.

Kafin ka sa ƙafa a fili, nemi takardu. Kana buƙatar rahoton binciken muhalli da aka yi kafin aikin titin, da takardar izini mai ɗauke da sharuɗɗa, da taswirar filin diyyar, da jerin abin da aka dasa da ranar da aka dasa shi. A cikin takardar izinin nemi ma'aunin nasara. In an rubuta cewa kashi 80 cikin 100 na dashen su kasance a raye a shekara ta uku, ko cewa baƙuwar ciyawa kada ta rufe fiye da kashi 10 na filin, to kana da abin aunawa. In kuwa abin da aka rubuta shi ne “a tabbatar wurin ya farfaɗo”, ka koma wurin hukumar da ta ba da izinin ku zauna ku mayar da wannan magana lambobi, a sa hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ma'aunin da aka tsara bayan an ga sakamako, sakamakon zai bi.

Sai ka nemi filin kwatance: wani wuri kusa, mai irin ƙasar da irin ruwan, wanda aikin titi bai taɓa ba. Duk abin da ka auna a filin diyya, ka auna shi a can a mako guda. Amfaninsa yana fitowa a shekarar fari. In tsirrai sun yi yaushi a wuraren biyu, sama ce ta hana ruwa. In a naka kaɗai suka yi, matsalar tana ƙasa, kuma aikinka ne ka gano ta.

Ranar farko a fili ranar kafa turaku ce. Ina amfani da guntun rodi, in buga shi ya shige sosai, in bar kamar taƙi ɗaya a waje, in shafa masa fenti mai haske, in ɗaura masa lamba. Turken katako gara tana cinye shi, wuta tana ƙone shi. Ka ɗauki wurin kowane turke da na'urar GPS, amma kada ka dogara da ita kaɗai, domin ta waya tana iya kaucewa da mita da yawa. Rubuta kwatance da hannu: taku goma sha biyu gabas da bakin kwalbati, kusa da dutse mai tsaga. Wuraren turakun kuma kada ka zaɓe su da ido, don ido kore yake bi. Zana layuka a kan taswira tun kana ofis, ka sa wa kowane gida lamba, ka jefa ƙuri'a. Inda ƙuri'a ta faɗa nan za ka auna, ko da faƙo ne.

A kowane turke ka ɗauki hoto, kana fuskantar kusurwa ɗaya da kamfas, kyamara a tsayi ɗaya, da sanda mai alamar mita a tsaye a cikin hoton. Shekara mai zuwa ka zo da hoton bara a hannu ka daidaita. Hotuna biyar na wuri ɗaya a jere suna gamsar da injiniyan da ba zai karanta shafi talatin ba.

Yanzu ruwa, kuma a nan zan daɗe, domin a filayen da na ga sun lalace ruwa ne yake fara ba da labari tun ganye bai nuna komai ba. Titi ba ya tsayawa kan cinye ƙasar da yake kai. Cikon da aka ɗaga shi a kai yana zama kamar madatsa: gefe ɗaya ruwa ya taru ya kwanta, ɗaya gefen ya bushe. Magudanar gefen titi kuma tana iya janye ruwan ƙarƙashin ƙasa daga dausayin da ke kusa. Saboda haka filin da aka tsara zai jiƙe a kan takarda yana iya zama busasshe a zahiri.

Rijiyar awo, wadda ake duba zurfin ruwan ƙarƙashin ƙasa da ita, ba ta da wuyar yi. Samu bututun roba mai faɗin kamar santimita 5, tsawon mita ɗaya da rabi. Tsattsaga rabinsa na ƙasa da zarto, ka naɗe wurin da yadi mai tace laka, ka toshe gindin. Haƙa rami, ka saka shi, ka zuba yashi mai tsabta kewaye da tsagogin, sannan ka danne bakin ramin da yumɓu sosai don kada ruwan sama ya gangara ta jikin bututun ya ruɗe ka. Sa masa murfi mai ɗan huji. Wajen awo, ka zura tef daga bakin bututun har ya taɓa ruwa, ka cire tsawon abin da ya fito waje, abin da ya rage shi ne zurfin ruwa daga saman ƙasa. Ni ina shafa alli a kan tef ɗin, inda ya jiƙe ya nuna mini daidai. Kuma kowace shekara ka sake auna tsawon da ya fito waje, domin bututu yana nitsewa ko dabba ta goga masa jiki ya ɗago.

A lokacin ruwa ka auna kowane mako, in da hali sau biyu. In akwai na'urar da ake zurawa ciki tana rubuta awo da kanta, ta fi, amma ka riƙa gwada ta da tef. A Amurka ma'aunin da ake amfani da shi wajen cewa wuri dausayi ne shi ne ruwa ya kwanta a sama, ko ya tsaya cikin santimita 30 daga saman ƙasa, kwana 14 a jere a lokacin da tsirrai ke girma, aƙalla shekara 5 cikin 10. Ba kowace ƙasa wannan lissafi zai dace da ita ba, amma ka ga siffarsa: zurfi nawa, kwana nawa, wane lokaci. Wanda yake zuwa sau ɗaya a wata ba zai taɓa iya amsa tambayar kwana 14 a jere ba.

Duk zuwan da ka yi, ka bi hanyar ruwan da ƙafa, daga inda yake shigowa zuwa inda yake fita. Durƙusa ka haska cikin kowane kwalbati da tocila. Duba laka, da rassan da suka maƙale, da inda ruwa ya fara cin gindin siminti. In ka ga ƙaramin kwazazzabo ya fara buɗewa, buga turke a kansa ka auna nisan, wata mai zuwa za ka san ko yana tafiya.

Tsirrai kuma iri biyu ake auna su. Itatuwa a fili mai mita 10 sau 10 kewaye da turke, ciyayi a cikin firam mai mita 1 sau 1. Ga itatuwa, ka ƙirga masu rai da matattu, ka auna tsayi, waɗanda suka girma kuma ka auna kaurin jikinsu a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, kamar yadda ma'aikatan gandun daji suke yi. In an dasa 40 ka tarar da 26, kashi 65 ke nan. Wanda ya zubar da ganye kada ka yi saurin rubuta shi matacce, kankare ɓawon da farce, in ka ga kore a ciki yana nan.

Ka ɗaura wa kowane dashe lambar ƙarfe. Na koyi muhimmancin wannan a wani fili da na je a shekararsa ta biyu na tarar da kusan komai kore shar, alhali rijiyoyin awona sun nuna ruwa ya yi ƙasa sosai tun watanni. Hankalina bai kwanta ba. Na tsuguna gindin wani dashe, sai na ga ƙasar sabuwa ce, ba ta ko daskare ba. Na tona da yatsa, sai ga baƙar ledar gandun reno tana nan naɗe da saiwar. An cire matattun an sa sababbi kwanaki kaɗan kafin zuwana. Sake dashe ba laifi ba ne, sau da yawa ma shi ake so. Abin da ya ɓata mini rai shi ne an binne tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wato me ya kashe na farkon. Da na rubuta abin da idona ya gani daga nesa, da sababbin ma sun bi su. Tun daga ranar, dashen da ba shi da lambata sabon shiga ne, shekarunsa daga sifili suke farawa.

A cikin firam ɗin ciyayi, ka rubuta kowane iri da kason ƙasar da ya rufe, da kason da ya rage tsirara. Wanda ba ka sani ba ka ɗauki hotonsa, ka tsinki reshe mai fure ka danne a takarda ka kai wa masani. Ka fi sa ido kan abu biyu. Na ɗaya tsirrai masu mamaya, irin su kachalla a wuraren da ruwa ya daina hawa da sauka, domin ƙasar da aka tona ita suke so, kuma tayoyin manyan motoci suna kawo irinsu. Na biyu, 'ya'yan itatuwan da ba wanda ya dasa. Ranar da na fara ganin tsiro ya fito da kansa a ƙarƙashin uwarsa, ko daga irin da tsuntsu ya yar, ina jin daɗin da ba na ji da wani lissafi. Ka ƙirga su daban.

Dabbobi sukan makara, sai ka yi haƙuri da su. A gandun Banff na Kanada an yi wa babban titin da ya ratsa shi shinge, aka gina mashiga 38 ta ƙarƙashi da gadoji 6 ta sama domin namun daji, kuma tun 1996 ake bin sawunsu. Karon mota da dabbobi ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Amma barewa ce ta fara amfani da su da wuri, manyan beyar da kyarketai sai da suka ɗauki shekaru kafin su saba. Da an rufe littafi a shekara ta biyu, da an ce aikin bai yi musu amfani ba. A naka filin, share ɗan wuri a bakin mashiga ka baza yashi mai laushi, ka dawo da safe ka karanta sawu. Ɗaura kyamara mai ɗaukar hoto da motsi a tsayin gwiwa, kada ta kalli fitowar rana ko faɗuwarta. Tsuntsaye ka tsaya a turke da asuba minti goma cif, ka rubuta na gani da na ji. Kwaɗi da dare bayan ruwa. Ka kuma bi gefen titin ka ƙirga waɗanda mota ta take, domin fili mai kyau da yake jawo dabbobi su tsallaka kwalta yana buƙatar shinge ko mashiga.

Rahoto kada ya wuce wata ɗaya bayan awo. Shafin farko ya faɗi ma'aunin da aka cika da wanda ba a cika ba, da abin da za a yi, da wanda zai yi, da ranar gamawa. Ku amince tun farko kan iyakar da in an ƙetare ta dole a motsa: ruwa ya sauka ƙasa da kaza, ko baƙuwar ciyawa ta wuce kaza. Ka rubuta mummunan labari da irin girman harafin da ka rubuta mai daɗi. Kuma in wanda yake biyanka shi ne wanda aikinsa kake dubawa, ka nemi a sa a yarjejeniya cewa kwafin rahoton zai tafi wurin hukuma a ranar da ya tafi wurinsa.

Har yaushe? Dokar Amurka ta 2008 kan diyyar dausayi da koguna ta sa aƙalla shekara 5, ta kuma ce a ƙara ga wuraren da suke jinkirin girma irin dausayi mai itatuwa. A Ingila, Dokar Muhalli ta 2021 ta wajabta wa yawancin sababbin gine-gine su bar halittu da ƙarin kashi 10 a kan yadda suka same su, a kuma kula da wurin shekara 30. Ni a ganina shekara 5 ta ciyawa ce, kurmi bai ko tashi tsaye ba a lokacin. Ko nawa takardarka ta ce, kada ka yarda a sa hannun kammalawa alhali ana ban ruwa. A janye tankar ruwa da famfo, a bar filin ya ci rani biyu da kansa kana aunawa. Sannan ka haɗa littafin awo, da taswirar turaku, da hotuna da kwanan watansu, ka kai wa wanda zai gaji wurin, ku zaga tare ka nuna masa kowane kwalbati da hannunka.