Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran hedifon da hannu

Mafi yawan hedifon da ake jefarwa saboda kunne ɗaya ya yi shiru, lasifikarsa lafiya ƙalau take. Wayar ce ta tsinke daga ciki, galibi a gindin filogi ko a inda ta shiga kunnen, domin nan ne take shan lanƙwasa. Kuskuren farko shi ne a kama sukundireba a buɗe kunne tun ba a gano inda ciwon yake ba. A kunna sauti, a riƙa murza wayar a hankali daga filogi zuwa sama. Inda sautin ya dawo ko ya yi ƙarar-ƙarar, nan za a yanke. Mai mitar auna lantarki kuwa ya auna: ƙananan hedifon sukan nuna om (ma'aunin turjiyar lantarki) 16 zuwa 32 a kowane kunne, wasu na ɗakin ɗaukar sauti kuma har 250 ko 600.

Bayan an yanke, sai a tarar da siraran wayoyi masu launi, kuma a nan ne mutane da yawa suke ɓata aiki. Launin nan fenti ne da ke hana wayoyin haɗuwa, don haka murɗe su wuri guda ba ya ba da sauti, dalma ma ba ta kama su. Masu kankare shi da reza suna yanke rabin zaren jan ƙarfen ba su sani ba, masu ƙona shi da ashana kuma suna barin baƙin toka da ke hana dalma zama. Abin da ya fi shi ne a narkar da ɗigon dalma a bakin ƙarfen like dalma mai zafi sosai, a tsoma bakin wayar a ciki na 'yan daƙiƙu har fentin ya ƙone, wayar ta fito fara tana sheƙi. Kada a yi amfani da man dalma na masu haɗa bututun ruwa, domin yana da asid, zai ci wayar a hankali.

Launi ma ba abin dogaro ba ne. Ja yakan zama kunnen dama, kore ko shuɗi na hagu, amma kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan haka ba, sai an auna. A filogin milimita 3.5 mai gaɓa uku, tsinin na hagu ne, zoben tsakiya na dama, gindin kuma na wayar da kunnuwan biyu suka yi tarayya a kai. Mai gaɓa huɗu yana da tsari biyu, CTIA da OMTP, waɗanda suka sauya wa makirufo da wayar tarayya wuri. Idan aka bi tsarin da bai dace da na'urar ba, makirufo ba zai yi aiki ba, muryar mawaƙi kuma ta yi nisa kamar daga cikin rijiya.

Babban kuskure a ganina shi ne barin dalma ta ɗauki nauyin ja. Aikinta wucewar lantarki ne kawai. A cikin wayoyi da yawa akwai wani zare fari ko ruwan ɗorawa da masu gyara kan yanke su yar, alhali an sa shi ne don ya sha fizga, kuma ya kamata a ɗaure shi a jikin filogi ko a cikin kunnen. Idan babu shi, a yi ɗan ƙulli a wayar daga cikin kunnen, ta yadda in an ja, ƙullin ne zai tokare. A matse haƙoran filogi a kan rigar wayar, sannan a rufe da bututun roba mai tsukewa da zafi, ninki biyu, na ciki ya fi na waje tsawo, domin taurin ya ragu sannu a hankali. Wanda ya ɗiga sufa gulu a wurin ya mayar da shi tauri kamar ƙashi, sai tsinkewar ta koma gaba kaɗan. Baƙin salatif kuwa yakan warware ya bar danƙo. Bututun da murfin filogi, a zura su a wayar kafin a like.

Idan za a like waya da dalma a kan lasifikar kanta, daƙiƙa biyu zuwa uku sun isa. Zafi mai yawa yana ɗaga wurin likin, ko ya tsinke wayar naɗin ciki, wadda da ƙyar ido ke ganinta. Maganaɗisun da ke cikin lasifikar yana fizgar bakin ƙarfen dalma da ɓurɓushin ƙarfen da ke kan tebur. Idan aka juya wayoyin kunne ɗaya, sauti zai fito, amma ba za a ji shi a tsakiyar kai ba, sai a musanya su.

Karyewar bakan da ke kan kai ba ta jin gam shi kaɗai. A goge wurin da sanfefa, a ɗora siririn ƙarfe ya ƙetare karayar, a like da gam mai haɗi biyu, a bar shi ya kwana. Sai dai a kula kada gam ɗin ya toshe ƙananan ramukan iska na bayan kunnen, domin toshe su yana sauya kaurin sautin, haka ma soson kunnen da bai zauna daram ba.