Yadda Ake Lissafin Nisa da Tsawon Tafiyar Jirgi Daga Kano Zuwa Jidda

Duk wanda zai tafi Hajji ko Umara ya kamata ya san awa nawa zai yi a sararin samaniya, kuma lissafin ba shi da wuya. Tazarar da ke tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda ta kai kimanin kilomita 3,400 a miƙe. Jirgin fasinja yakan ci kusan kilomita 850 a awa guda, saboda haka idan aka raba nisan da gudun za a sami awa huɗu, sai a ƙara wajen rabin awa na tashi da sauka.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne bambancin agogo, domin Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, kuma lokacin sauka da ake rubutawa a tikiti na agogon can ne. Jirgin da ya tashi da ƙarfe 10 na dare zai sauka wajen ƙarfe 4:30 na asuba a Jidda, alhali agogon hannun matafiyi yana nuna 2:30. A gyara shi tun cikin jirgi, saboda lokutan salla.

Wannan lissafi na hanya miƙaƙƙiya ne. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka riƙa zagaye, don haka a tambayi kamfanin jirgi hanyar da zai bi kafin a sanar da mai tarya lokacin isowa.