Ƙara wa laftof ɗin gem SSD na biyu: abin da sabon zuwa zai duba kafin ya fitar da kuɗinsa

Yawancin laftof ɗin gem masu matsakaicin farashi da SSD, wato ma'ajiyar bayanai marar faifai mai juyawa, mai 512GB suke zuwa. Windows zai nuna maka 476GB, shi kansa da manhajojin karatu su cinye nasu kason, sannan a zo kan wasanni. EA Sports FC kaɗai yana neman wurin 100GB, Red Dead Redemption 2 kuma 150GB. A gida tsadar data ce ke taka wa mutum birki. A nan ƙasashen waje kuwa, ga wanda ya zo karatu, intanet ɗin ɗaki ba shi da iyaka, abin da za ka shafe mako kana saukewa kafin gari ya waye ya gama, don haka ba a daɗewa ma'ajiya take cika maƙil.

Da a Kano ne, sai ka ɗauki kwamfutar ka nufi Beirut Road ko wajen mai gyaran da ka saba da shi, ya buɗe ta a gabanka, ya gwada wannan ya gwada wancan, ka ba shi ɗan kuɗin aiki. A Ingila, Jamus, Amurka ko Kanada kuɗin aikin hannu yana da tsada, kuma akasari ta intanet ake sayen kayan, babu mai gwada maka. Sakawar ba wani abu ba ce, aikin rabin awa ne. Wajen saye ake tafka asara, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: mutum ya zaɓi SSD kafin ya san me ke cikin kwamfutarsa.

Fara da lambar samfurin

Sunan da ke jikin murfi bai isa ba. Nitro 5 ko TUF A15 ko Victus suna ne na zuriya guda, kowace shekara da irin cikinta. Ka kifa kwamfutar ka karanta cikakkiyar lambar da ke kan takardar ƙasa, ko ka rubuta msinfo32 a wurin bincike na Windows ka duba System Model. Da wannan lambar za ka nemi littafin gyara na kamfanin. Lenovo na da shafin PSREF da ke faɗin adadin gurabe da tsawon SSD da kowanne ke karɓa, HP kuma na wallafa Maintenance and Service Guide. Ka ƙara da kallon bidiyon wanda ya buɗe irin taka sak, ba mai kama da ita ba.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne bambancin yana da yawa. Akwai ASUS TUF A15 na 2020 da ke da wurin faifai mai inci 2.5 idan batirinsa ƙarami ne mai 48Wh, amma mai batir 90Wh ba shi da wurin, batirin ya cinye filin. Wasu samfuran HP Victus 15 gurbin M.2, inda ake soka siririn katin SSD, ɗaya tak gare su, wato babu zancen na biyu, sai dai a musanya na farkon da babba. In ka sayi kwamfutar ta hannu, ko ka taho da ita daga gida ba ka san tarihinta ba, mafi aminci ka buɗe ta ka gani da idonka, ka ɗauki hoto, sannan ka yi oda.

Abin da kake nema a ciki shi ne gurbin M.2 da babu kowa a kansa. Galibi tsawon 2280 ne, wato faɗi milimita 22, tsawo milimita 80. Akwai gajeru, 2242 da 2230, kuma inda ramin sukuru yake shi zai nuna maka tsawon da ya dace. Kada ka ruɗe da ɗan ƙaramin katin da siraran wayoyi biyu ke maƙale a jikinsa, wannan na Wi-Fi ne, gurbinsa daban.

M.2 siffa ce kawai, a cikinta akwai iri biyu. NVMe yawanci yanka ɗaya ne a bakinsa, SATA kuma yanka biyu. Mai yanka biyun zai shige gurbin lafiya lau, ka ɗaure sukuru, ka kunna, kwamfutar ba ta ma san da shi ba, domin guraben laftof na 'yan shekarun nan da yawa NVMe kaɗai suke ji. In littafin bai ambaci SATA a wannan gurbi ba, NVMe za ka saya.

In kuwa wurin inci 2.5 ne kaɗai ya rage maka, ka tabbata siririyar wayar da ke haɗa shi da bod tana nan, da ƙarfen da ke riƙe shi. Wasu Acer Nitro 5 a cikin kwali ake sako wayar, ba a jikin kwamfutar ba, kuma wanda ya saya ta hannu ba kasafai yake samunta ba; sai an nemo ta da lambar samfurin. A wannan wuri ka sa SATA SSD mai kaurin milimita 7, irin Samsung 870 EVO, wanda ke kaiwa wajen 550MB a daƙiƙa. Faifai mai juyawa yana da araha, ya kuma yi wa hotuna da bidiyo, amma sababbin wasanni irin Starfield sun fito fili sun ce SSD suke buƙata.

Wanne za a saya

Tallace-tallace gudu suke kururutawa. NVMe zamani-zamani ne: Gen3 yana kaiwa kusan 3,500MB a daƙiƙa, Gen4 kusan 7,000, Gen5 ya kai 14,000. A wajen loda wasa, tazarar Gen3 da Gen4 da wuya ta wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu. Gen5 a laftof ɓarnar kuɗi ce a ganinmu: ya fi tsada, da yawansu sun fi ɗaukar zafi, kuma in gurbinka Gen4 ne, da gudun Gen4 zai yi aiki. Haka ma Gen4 a gurbin Gen3, zai yi aiki ba matsala, sai dai da gudun gurbin. Ka lura kuma a wasu kwamfutocin gurbi na biyu bai kai na farko gudu ba.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne irin ƙwaƙwalwar da ke ciki, TLC ko QLC. TLC na ajiye bit uku a kowane ɗan gida, QLC huɗu. Cusa huɗu ya sa QLC ya fi araha, amma ya fi saurin gajiya, kuma yana da wani hali da ba a rubutawa a jikin kwali. Kowane SSD yana ware wani sashe mai sauri da yake fara zuba bayanai a ciki. Idan kana kwafe wasa mai 100GB sashen ya cika, TLC zai rage gudu amma ya ci gaba da tafiya yadda ya kamata, QLC kuwa yana iya faɗowa zuwa wajen 100MB a daƙiƙa, daidai da tsohon faifai mai juyawa. Gwargwadon cikar SSD ɗin, gwargwadon ƙanƙancewar wannan sashe. Lambar TBW, wato jimillar terabait da kamfani ya lamunce za a iya rubutawa, tana tona asirin: Samsung 990 Pro da WD Black SN770 masu 1TB kowanne 600 ne, Crucial P3 Plus mai 1TB kuma 220. Mai buga gem kawai ba lallai ya ƙure ko 220 ɗin ba, gaskiya ce. Amma in bambancin kuɗin kaɗan ne, TLC ya fi, musamman ga mai haɗa bidiyo ko aikin makaranta mai manyan fayiloli.

Batun DRAM, wato ɗan RAM da wasu SSD ke ɗauke da shi a jikinsu, ba sai an tsawaita ba. Na zamani marasa DRAM, irin SN770 da Lexar NM790, suna aron ɗan wuri daga RAM ɗin kwamfuta, sun wadatar wa ma'ajiyar wasanni, kuma ba su cika shan wuta ba.

Kauri shi ne tarkon da ya fi kama mutane. Wasu SSD, musamman masu 4TB, gaba da baya duk akwai ƙwayoyi a jikinsu, kuma laftof siriri ba shi da sarari a ƙasan gurbin. In ka danne shi da ƙarfi ka ɗaure, zai lanƙwashe, wata rana ya daina aiki. WD Black SN850X mai 4TB fuska biyu ne, Samsung 990 Pro mai 4TB fuska ɗaya. Ka nemi mai fuska ɗaya ka huta. Sannan samfura da yawa kashi biyu ake sayar da su, da mai ƙarfen shan zafi da marar shi. Mai ƙarfen na PlayStation 5 ne da kwamfutar tebur, murfin laftof ba zai rufu a kansa ba, kuma ɓamɓare ƙarfen na iya soke garanti.

Game da girma, 1TB zai bayyana a matsayin 931GB, manyan wasanni shida ko bakwai ke nan in ka bar masa sararin numfashi na kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Gurbin da ya rage guda ɗaya ne, in SSD ɗin ya cika sai dai ka cire ka sayi wani, shi ya sa 2TB ya fi dacewa ga mai hali. Ka raba farashi da adadin terabait kafin ka yanke shawara, don farashin yana hawa da sauka, kuma tun ƙarshen 2025 ya yi tashin gaske.

Wajen saye da haƙƙinka

A Ingila akwai Scan, Overclockers UK da Currys; a Amurka Micro Center, Best Buy, Newegg da B&H; a Jamus Alternate da Mindfactory, shafin Geizhals kuma yana jera farashin shaguna. Wanda ke Kuala Lumpur yana da Low Yat Plaza, na Delhi yana da Nehru Place, inda za ka iya shiga da kwamfutarka a saka a gabanka. A Amurka farashin da ka gani bai haɗa da harajin jiha ba, sai wajen biya yake hawa. A Ingila da Jamus harajin yana ciki.

A Amazon da eBay ka duba wa ke sayarwa, ba sunan shafin kawai ba. Jabun SSD sun yi yawa: za ka ga 4TB a kuɗin da bai kai na 1TB ba, da suna mai kama da na Samsung. An yi wa na'urar dabara ne ta riƙa faɗin girman ƙarya, da ka wuce ainihin abin da take iya ɗauka sai fayiloli su fara lalacewa ba sanarwa. Manhajar H2testw tana cika SSD ɗin baki ɗaya ta sake karantawa, ta faɗi gaskiyar girmansa. Na hannu kuma, ka nemi hoton manhajar CrystalDiskInfo da ke nuna lafiyarsa da yawan abin da aka taɓa rubutawa.

A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, abin da ka saya ta intanet daga ɗan kasuwa kana da kwana 14 daga ranar da ya iso ka fasa, ko da lafiyarsa ƙalau, sai dai ana iya rage maka kuɗi in ka yi amfani da shi fiye da dubawa. In ya zo da matsala, dokar Birtaniya ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka, a Tarayyar Turai kuma akwai lamunin shekara biyu. Wannan bai shafi sayayya daga hannun mutum a Facebook Marketplace ba. A Amurka tsarin kowane shago daban, sai ka karanta. Ka adana rasit a imel, don garantin shekara biyar da manyan kamfanoni ke bayarwa da shi ake nema. In kwamfutar kanta tana cikin garanti, ka karanta sharuɗɗan kamfanin kafin ka kwance ta, musamman in akwai sitika a kan ɗaya daga cikin sukurorin.

Sakawa

Kafin komai ka shiga asusunka na Microsoft ta waya ka kwafi lambar ceto ta BitLocker mai alƙaluma 48. Windows 11 kan kulle ma'ajiya da kansa, kuma taɓa kayan ciki na iya sa ya nemi lambar. Ka ajiye kwafin aikin makarantarka a wani wuri.

Ka riƙe Shift lokacin da kake danna Shut down don ta mutu gaba ɗaya, ka zare caja. Kana buƙatar ƙaramin sukundireba PH0 ko PH1, wasu samfuran Torx T5, da ɗan filastik na ɓamɓare murfi. Tsohon katin banki ma ya yi, wuƙa ko cokali suna karya ƙugiyoyin murfin. Sukurorin ba tsawonsu ɗaya ba. Ka jera su a kan takarda yadda suke a jikin kwamfutar, don dogo a ramin gajere yana iya huda bod ko ya ɓullo ta sama.

Lokacin sanyi a ɗaki mai hita da kafet, jiki yana tara wutar nan da ke tsunkulin mutum in ya taɓa ƙofar mota da hunturu, kuma ita kaɗai ta isa ta kashe ƙwayar lantarki. Ka yi aikin a kan tebur, ba a kan gado ko kafet ba, ka cire rigar ulu, ka taɓa ƙarfe mai haɗe da ƙasa kamar bututun ruwa kafin ka sa hannu.

Da murfi ya buɗe, ka fara zare soket ɗin batir, ka ja kan filastik ɗin ba wayoyin ba, sannan ka danne maɓallin kunnawa na wasu daƙiƙoƙi. Ka riƙe SSD ɗin ta gefe, ka daidaita yankan bakinsa da na gurbin, ka zura shi a karkace, kusan digiri 30, har haƙoran zinariyar su ɓace. Ɗaya ƙarshen zai tsaya a sama. Ka kwantar da shi a hankali ka ɗaure. Sukurun M2x3 ne, ba ya zuwa da SSD, kuma ba kowace kwamfuta ke da na gurbi na biyu ba, don haka ka duba tun ranar da ka fara buɗewa. In akwai lallausar robar shan zafi a wurin, ka ɓare ledar da ke kanta. Takardar jikin SSD kuwa ka bar ta, garanti na tare da ita. Ka mayar da batir, ka ɗora murfi, ka gwada kunnawa kafin ka ɗaure duka sukurorin. Kunnawar farko na iya jinkiri da baƙin allo na ɗan lokaci.

Ba za ka ga sabon SSD a This PC nan take ba, kuma ba lalacewa ya yi ba. Ka danna Windows da X, ka buɗe Disk Management, ka zaɓi GPT in ya tambaya, ka danna dama a kan baƙin layin ka zaɓi New Simple Volume, NTFS, ka ba shi harafi. Ka tabbata girman faifan da ka zaɓa ya yi daidai da na sabon kafin ka amince. In ko a Disk Management bai fito ba, ka leƙa BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ya tashi. In can ma babu, ko bai zauna daidai ba ne, ko kuwa SATA ne a gurbin NVMe. A Steam, manhajar sauke wasanni, ka shiga Settings, sai Storage, ka ƙara sabon faifan ka mayar da wasanni can ba tare da sake saukewa ba.

In BIOS ya ba ka zaɓin haɗe SSD biyun su zama ɗaya ta RAID 0, ka ƙyale shi: ɗaya ya mutu, duka bayanan sun tafi. Cikin kwanakin da kake da damar mayarwa, ka buga wasa mai nauyi na awa guda CrystalDiskInfo na buɗe. Yawancin waɗannan SSD an ƙayyade musu aiki har zuwa digiri 70; in naka yana haura haka, ka duba robar shan zafin ko tana taɓa shi, ka share ƙurar fanka, ka kuma ɗaga bayan kwamfutar daga tebur don iska ta samu shiga.