Idan bautar ƙasa ta kai ka Taraba kuma kana son aikin kare daji

Abin da zan fara gaya maka shi ne, hukumar NYSC ba za ta ɗauke ka ta kai ka daji don kawai ka karanta ilimin gandun daji ko na dabbobi ba. Yawancin masu bautar ƙasa makaranta ake tura su koyarwa. Mai son aiki a kan tsaunukan Mambila ko a gandun dajin Gashaka Gumti, shi zai nemi hanyarsa, kuma tun kafin ya shiga sansani.

Matakan farko kowa ya san su: jami'arka ta aika sunanka, ka yi rajista a intanet, a ɗauki zanen yatsunka, takardar kira ta fito. Sharaɗi dai kada ka haura shekara 30 lokacin da ka gama karatu. Idan takardar ta ce Taraba, mako 3 za ka yi a sansanin Sibre, kusa da Jalingo, kuma ranar fita ake raba takardun wurin aiki.

Saboda haka, da ganin takardar kira ka rubuta wa hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti da ke Serti, ka roƙi wasiƙar da ke nuna suna buƙatarka. Ka faɗi abin da ka iya ƙarara: zana taswira a kwamfuta ne, ko renon dashe, ko koyar da yara. "Ina son dabbobi" ba ya buɗe ƙofar kowa. Wasiƙar ka miƙa ta ga jami'an rabon wurin aiki tun makon farko. Ba dole ba ne su bi ta, amma ta fi zuwa hannu rabbana.

Wurin ya cancanci wahalar. An kafa gandun a 1991, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, babu kamarsa a Najeriya, ya ratsa Taraba har Adamawa. A cikinsa tsaunin Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, mafi tsawo a ƙasar nan, ga kuma birai jinsin cimfanzi da suka kusa ƙarewa a sauran wurare. Sai dai kada ka ɗauka za a ba ka bindiga ka bi masu gadin daji sintiri. Wannan aikin waɗanda aka horar ne. Kai naka rubuta bayanai ne da zagaya makarantu da ƙauyuka.

Idan wasiƙa ba ta ci ba, ka nemi a tura ka ƙaramar hukumar Sardauna, inda tsaunukan Mambila suke. Ni wata sakandare aka ba ni a gefen Nguroje, kuma a ganina na fi wasu da suka samu ofis amfani. Kowane mako akwai ranar hidimar al'umma; ka shiga rukunin kula da muhalli, ka kai wa sufeton NYSC na ƙaramar hukuma tsarin aikinka a rubuce a amince da shi, sannan ka fara. Kusa da ƙauyen Yelwa akwai kurmin Ngel Nyaki, inda masu bincike suka daɗe suna renon itatuwan asali na tsaunin. Je ka koyi abin da ya dace a dasa. Kowa a Mambila itacen turare zai ce ka dasa, don yana saurin girma kuma katakonsa kuɗi ne, amma yana zuƙe ruwa, kada ka kai shi bakin rafi.

Dashe da damina ake yi, amma rani ke nuna ko aiki ya yi. Lokacin ake ƙona ciyawa don sabon toho ya fito wa shanu, wuta kuwa ba ta san dashenka ba. Ka share kewayen filin kafin ciyawa ta bushe. Kafin ma ka haƙa rami ɗaya, ka gaida mai gari da arɗo, don maganar fili tsakanin manoma da makiyaya a can ba ta wasa ba ce. Ka koyi gaisuwar Fulatanci, da ita ake ciniki a kasuwa.

Kaya kuwa: bargo mai kauri, rigar ruwa, takalmin roba. Daga Jalingo ta Bali za ka bi zuwa Serti, hawan dutse ya fara bayan Mayo Selbe. Ka tashi da sassafe, kada dare ya same ka a kan kwanonin nan cikin hazo. Alawus ɗin ₦77,000 kuma ba zai sayi shinge ba, sai ka nemi gudummawar waya da turaku wurin masu hali a garin.