Yadda ake sauya kamfanin wutar lantarki a Birtaniya

Wanda ya taso a Kano bai san wani abu wai shi zaɓi ba a harkar wuta. KEDCO ce, ko ka so ko ka ƙi. Basakkwace na hannun kamfanin Kaduna, mutumin Maraɗi na hannun NIGELEC. Ko a Afrilun 2024 da aka ɗaga farashin 'yan rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, babu wanda ya ce bari in koma wani kamfani. Sai dai janareta, ko sola ga mai hali. Da wannan sabon muke sauka Birtaniya, ɗalibai da ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi, sai ka ga mutum ya shekara uku yana biyan kamfanin da ya tarar a gidan haya kamar gadonsa ya yi. Alhali tun ƙarshen shekarun 1990 magidanci a ƙasar ke da ikon zaɓar wanda zai sayar masa da wuta da gas.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce: to in na sauya, kwana nawa za mu yi a duhu? Ko minti ɗaya. Kamfanin da ke aiko maka da bil dillali ne, sayen wuta yake yi a sari ya sayar maka. Wayoyi da turakun da ke kawo ta gidanka na wani kamfani ne daban, kuma shi ba a sauya shi: UK Power Networks a Landan, Northern Powergrid a su Leeds da Bradford da Newcastle, haka dai kowane yanki da nasa. Waya ɗaya, mita ɗaya, wuta ɗaya. Sunan da ke kan takardar bil da farashin da ke ciki kawai ke canzawa. Ko da wuta ta ɗauke, 105 ake kira, ba dillalin ba.

Abin da zan faɗa ya shafi Ingila da Sukotland da Wales, inda hukumar Ofgem ke sa ido. Ireland ta Arewa tana da tata hukumar da nata tsarin.

Sai ka san rufin farashi tukuna

Tun Janairun 2019 Ofgem ta sa wa kamfanoni iyakar abin da za su caji wanda ke kan tsarin farashi na gama-gari, wato wanda bai ƙulla wata yarjejeniya ta musamman ba. Da farashin gas ya haukace a kasuwannin duniya a 2021, ƙananan kamfanoni kusan talatin suka durƙushe, har da Bulb mai kwastomomi sama da miliyan ɗaya da rabi, wanda daga baya Octopus Energy ya karɓa. Sai yaƙin Rasha da Ukraine ya zo a Fabrairun 2022 ya ƙara rura wutar. A Afrilun shekarar rufin ya tashi daga fam 1,277 zuwa fam 1,971 ga matsakaicin gida, a Oktoba kuma fam 3,549 aka nufa, sai da gwamnati ta shiga tsakani ta tsayar da shi a 2,500. Ƙasar na ƙona gas mai yawa wajen samar da lantarki, shi ya sa gas in ya yi tari sai bil ɗin wuta ya kama mura.

Yanzu duk wata uku ake sabunta rufin: Janairu, Afrilu, Yuli, Oktoba. Ga inda mutane ke ruɗewa. Adadin da ake karantawa a labarai ba shi ne iyakar abin da za ka biya ba. Lissafi ne na gidan misali, wanda a Oktoban 2023 aka ƙiyasta yana shan yunit 2,700 na lantarki da 11,500 na gas a shekara. Abin da aka yi wa iyaka shi ne farashin yunit ɗaya da kuɗin yini, wato kuɗin da ake rubuta maka kullum ko ka sha wuta ko ba ka sha ba. In gidanka hita ba ta hutawa, bil ɗinka zai wuce wancan adadin ya bar shi a baya.

Mataki na farko: ka tabbatar kai ke da ikon sauyawa

In kuɗin wuta na cikin kuɗin haya, kamar yadda ake yi a ɗakunan ɗalibai da gidajen haɗaka, to maganar ta mai gida ce. In kuwa sunanka ne a kan bil kuma kai ke biyan kamfanin kai tsaye, doka ta ba ka dama ko da haya kake. Duba takardar hayar, wasu na buƙatar ka sanar da mai gida, amma ba shi da hurumin hana ka ba gaira ba dalili.

Bashi ne abu na biyu. In bil ya wuce kwana 28 ba ka biya ba, tsohon kamfanin na iya tare hanya sai ka sauke. Mai mitar kati yana da sassauci: bashin da bai wuce fam 500 na wuta ba, da wani 500 na gas, ana iya ɗauke shi a kai wa sabon kamfanin, ka ci gaba da biya a can.

Mataki na biyu: ɗauko bil na baya-bayan nan

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka buɗe kowane shafi, ka fito da abu biyar daga cikin bil ko manhajar kamfanin: sunan tsarin da kake kai, farashin yunit, kuɗin yini, yawan yunit ɗin da ka sha a shekara, da ranar da yarjejeniyarka za ta ƙare tare da tarar fita in akwai. Akwai kuma lambar shaidar layin wutarka, MPAN, tana cikin wani ɗan akwati mai babban harafin S, lambobi 13 na layin ƙasa su ne ake nema. Ta gas sunanta MPRN. Sau da yawa adireshi da lambar unguwa sun isa, amma a benen da aka yayyanka zuwa ƙananan gidaje, lambar ce ke hana a sauya wa maƙwabcinka kamfani a madadinka. Yana faruwa.

Tarar fita tana da ƙofa: in saura kwana 49 ko ƙasa da haka yarjejeniyar ta ƙare, ba za a caje ka ko kwabo ba. Wanda ke kan tsarin gama-gari kuwa ba tara a kansa sam.

Mataki na uku: lissafi, kuma nan ne gizo ke saƙa

Kamfani zai nuna maka adadin wata da manyan lambobi: fam kaza kacal. Kada ka kalle shi. Wannan adadin ƙiyasi ne na abin da za a riƙa cira daga asusunka, ba farashi ba ne. Ana iya sa shi ƙasa-ƙasa yau don ka shigo, bayan wata shida a ce ka ci bashi, a ɗaga. Lambobi biyu ne gaskiyar magana: kwabo nawa ne yunit, kwabo nawa ne kuɗin yini. Na ce kwabo da gangan, ai daga kuɗin Turawan nan kakanninmu suka samo fam da sule da kwabo.

Kuɗin yini shi ne wanda ke ba baƙo mamaki. Ko ka rufe gida ka tafi Umara ko hutu gida wata guda, kullum ana rubuta maka shi.

Ga misali da lambobin da na ƙirƙira don a gane. Kamfani na ɗaya: yunit kwabo 27, yini kwabo 50. Na biyu: yunit kwabo 25, yini kwabo 62. Gidan da ke shan yunit 2,700 zai biya na ɗaya fam 729 na wuta da fam 182.50 na yini, jimla 911.50. A na biyu, 675 da 226.30, jimla 901.30. Bambancin fam goma ne, bai taka kara ya karya ba. Amma gwauron da ke wuni a wurin aiki yana shan yunit 1,500, na ɗaya ne ya fi masa: 587.50 maimakon 601.30. Mai iyali kuma da injin wanki ba ya tsayawa, yunit 4,100, na biyu zai rage masa kusan fam 38. Ka ga tsarin da ya yi wa abokinka daɗi yana iya zama kai ya cuce ka. Saboda haka in shafin kwatanta farashi ya tambaye ka ɗaki nawa ne a gidan, ka tsallake, ka nemi inda ake shigar da ainihin yunit na shekara.

Shafukan da aka sani su ne Uswitch, MoneySuperMarket da MoneySavingExpert. Yawancinsu kamasho suke samu in ka sauya ta hannunsu, don haka wasu kan fara nuna tsare-tsaren da suke da riba a kai. Nemi maɓallin da ke buɗe duk kasuwa, sannan ka leƙa shafin kamfanin da kansa. Kuma ka tambayi kamfanin da kake ciki, wani lokacin sauya tsari a gida ɗaya ya wadatar.

Tsayayye ko mai motsi?

Tsayayyen farashi yana kulle maka kuɗin yunit da na yini na wata 12, wani lokacin 24. Mai motsi yana bin rufin Ofgem sama da ƙasa. Ni ina karkata ga tsayayye in ya yi daidai da rufin ko ya gaza shi, kuma tarar fitarsa ba ta da nauyi, domin mai aika kuɗi gida duk wata ya fi buƙatar sanin abin da zai fita daga aljihunsa. Amma in ya ɗara rufin sosai, kana sayen kwanciyar hankali ne da tsada, kuma in farashi ya sauko kana kallo.

Mai mitar Economy 7, wadda ke ba da sa'o'i bakwai masu sauƙi da dare da tsada da rana, sai ya yi lissafi biyu. Tana amfanar gidan da ke da hitar da ke tara zafi da dare. In girki da wanki duk da rana kuke yi, asara ce.

Araha ba ta ado. Dubi yadda kamfanin ke amsa koke kafin ka shiga, ƙungiyar ba jama'a shawara ta Citizens Advice na fitar da jerin matsayinsu a kai a kai. Amma kada tsoron durƙushewa ya hana ka ƙaramin kamfani: in ya faɗi, wuta ba ta yankewa, Ofgem ke miƙa ka ga wani, kuma rarar kuɗinka tana da kariya.

Mataki na huɗu: cike takarda

Minti goma ne a intanet. Suna, adireshi, bayanan asusun banki. Biya ta Direct Debit, wato ka ba kamfani izinin cirar kuɗi daga asusunka kai tsaye, ya fi araha a kan jiran bil ya zo ka biya. Sabon zuwa ya sani cewa ana iya bincikar tarihin bashinsa, in ba a samu komai ba wasu kan nemi kuɗin ajiya. In an nema, gwada wani kamfanin.

Ba kai za ka sallami tsohon kamfani ba, sabon ne zai yi. Kana da kwana 14 na sake shawara ba tare da tara ba. Sauyin kansa kwanakin aiki biyar ne, kuma za a tambaye ka ko a fara nan take ko a jira kwana 14 ɗin su cika. In suka makara, diyyar fam 40 ce za su biya ka, ba sai ka roƙa ba.

Wanda ya kira ka a waya ko ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce daga Ofgem yake, yana son lambar asusunka, ɗan damfara ne. Ofgem ba ta sayar da wuta.

Mataki na biyar: hoton mita

Wannan na koye shi da kuɗina. A gidan hayata na farko ban karanta mita ranar da na shiga ba, ban kuma karanta ranar sauyi ba. Kamfanin ya yi ƙiyasi, irin wanda muka baro a gida muna tsinewa, aka haɗa mini da wutar wanda ya tashi. Wata biyu ina musayar saƙo da su ba ni da hujja ko ɗaya. Ranar sauyi ka ɗauki hoton mita yadda lambobin da lambar jikin mitar za su fito sarai, ka aika wa sabon kamfanin. Da wannan karatun ne tsohon zai rufe lissafi, sabon ya buɗe. Ko mitarka ta zamani ce mai aika karatu da kanta, ɗauki hoton. Tsofaffin samfurinta wasu kan daina aikawa bayan sauyi, sai ka ga an koma ƙiyasi ba ka sani ba.

Mai mitar kati ya bar kuɗin ciki su yi ƙasa kafin ranar, kuma ya jira sabon kati ko makulli kafin ya sake lodi.

Bayan an sauya

Kada ka yi saurin soke Direct Debit na tsohon kamfani, bari bil na ƙarshe ya zo. Suna da mako shida su aiko shi, sannan kwanakin aiki goma su maido maka rarar kuɗinka. Wanda ya sauya a ƙarshen bazara yakan tarar da rara mai kauri, tun da an yi ta cirar kuɗi alhali hita na kashe. Kada a yi bushasha da ita, hunturu na tafe kuma asusunka a sabon kamfanin daga sifili zai fara.

In akwai mai juna biyu a gidan, ko yaro ƙasa da shekara biyar, ko tsoho, ko mai amfani da na'urar asibiti, ka sake sa sunansu a rajistar masu buƙatar kulawa ta musamman a sabon kamfanin. Kyauta ce.

In rigima ta taso, rubuta koke ta imel don ka sami shaida. Mako takwas suke da shi. In ya wuce ba a warware ba, ko suka rubuto cewa sun kai iyakarsu, sai ka kai ƙara Energy Ombudsman, ofishin da ke raba gardama tsakanin kwastoma da kamfanin wuta, ba a biyan ko sisi, kuma hukuncinsa ya hau kan kamfanin in ka amince da shi. Haka nan in laifinsu ne ba su caje ka daidai ba, ba su da ikon bin ka kuɗin wutar da ta wuce wata 12.

Sai ka buɗe kalandar wayarka, ka nemo ranar da sabuwar yarjejeniyar za ta ƙare, ka ƙirgo kwana 49 baya, ka sa ƙararrawa a nan.