Yadda Za Ka Yi Idan Boila Ta Mutu a Tsakiyar Hunturun Birtaniya

A yawancin gidajen Birtaniya, wani farin akwati ne da ke manne a bangon kicin ko a cikin ɗan kabad yake riƙe da ɗumin gidan baki ɗaya. Ita ce boila. Tana ƙona gas ta zafafa ruwa, ta tura shi ta bututu zuwa ƙarafan ɗumama ɗaki da ke jikin bango, waɗanda ake kira radiyeta, kuma ita ke ba da ruwan zafi na wanka da wanke-wanke. In ta tsaya a daren Janairu, kafin asuba sanyi ya gama shiga ko'ina. Da yawa daga cikin 'yan uwanmu da suka zo karatu ko aikin asibiti ba su taɓa hulɗa da irin wannan na'ura ba sai da suka iso, kuma ba kowane mai gidan haya ne ke tsayawa ya yi bayani ba. Ga abin da ake yi, kuma a bi shi yadda aka jera, domin na farkon shi ne ya shafi rai.

Mataki na farko: ka saurari hancinka da jikinka

Kafin ka taɓa komai, tsaya ka shaƙi iskar wurin. Gas ɗin da ake turowa gidaje ba shi da wari a asalinsa, da gangan ake sa masa wani sinadari mai ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai don a gane in yana yoyo. In ka ji wannan warin, maganar gyaran boila ta ƙare. Kada ka kunna fitila, kada kuma ka kashe wadda ke kunne, domin ɗan tartsatsin makunni ya isa ya tayar da gobara. Ba ashana, ba sigari. Buɗe tagogi da ƙofofi. Je wurin mitar gas, za ka ga wani hannun ƙarfe a kan bututun da ke shiga mitar. Juya shi har ya gitta bututun, to ka rufe gas ke nan. In mitar a ɗakin ƙarƙashin ƙasa take, bar ta, kada ka sauka. Fitar da iyali waje, daga can ka kira 0800 111 999. Wannan ita ce lambar gaggawa ta gas a Ingila da Sikotilan da Wales, kyauta ce, dare da rana. Mutanen Arewacin Ireland tasu daban ce: 0800 002 001.

Akwai kuma abin da hanci ba ya ji sam, wato iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Boilar da ba ta ƙona gas da kyau, ko wadda hanyar fitar hayaƙinta ta toshe, ita ke fitar da ita. Ba ta da launi, ba ta da wari. Alamunta a jiki su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da ƙarancin numfashi, abubuwan da mutum zai iya ɗauka mura ce ko gajiyar aiki. Abin da zai sa ka farga shi ne ka ga mutanen gida sun kamu tare, kuma in an fita waje sai a ji sauƙi. A jikin boilar kuwa, ka duba ko akwai baƙin kunkunniya a kewayenta, ko harshen wutar ya koma ɗorawa maimakon shuɗi, in irin mai ɗan gilashin leƙawa ce. Da ka ga haka, ko ƙararrawar gano gubar ta yi ƙara, kashe boilar, a fita, a kira waccan lambar. A nemi shawarar likita ta 111 ko da an ji an warware. In wani ya suma ko numfashi ya yi masa wuya, a kira lambar motar asibiti ta gaggawa, 999, kai tsaye.

In kuma ruwa ne ke zuba daga cikin boilar, kashe mata wuta, tara bokiti, ka rufe babban famfon ruwan gida. Galibi yana ƙarƙashin wurin wanke-wanke a kicin, ana murɗa shi zuwa dama.

Mataki na biyu: ƙananan abubuwan da ake mantawa

Idan ba wari, ba ciwon kai, ba yoyo, to hankali ya kwanta. Allon boilar yana da haske? In duhu ne, duba makunnin da ke bango kusa da ita, sannan akwatin fis na gida, ko wani abu ya faɗi. Duba na'urar saita zafi da ke falo ko a baranda: batirinta kan ƙare, kuma in an ɗauke wuta agogonta kan rikice. Ƙara lambar zafin sama da yadda ɗakin yake, ka jira minti biyu ka ji ko boilar za ta tashi.

Sai gas. In kukar girkinku ta gas ce, kunna kai ɗaya. Rashin kamawarta yana nufin gas ne bai shigo gidan ba, boilar lafiyarta ƙalau. Masu mitar da ake sa wa kuɗi kafin a sha su fara da nan, don a lokacin sanyi kuɗin kan ƙare da wuri fiye da yadda aka saba. Mitar tana da ɗan rancen gaggawa da ake iya buɗewa. Bayan an sa kuɗi kuma, yawanci sai an danna maɓalli a jikin mitar kafin ta saki gas. A tabbata an kashe kukar girki tukuna.

Mataki na uku: karanta abin da allon ya rubuta

Boilar zamani tana faɗin ciwonta da harafi da lamba. Ɗauki hoton allon da waya kafin ka danna komai, injiniya zai tambaye ka. Kowane kamfani da nasa lambobin: a boilar Vaillant, F.22 na nufin ruwa ya yi ƙasa, F.28 kuma ta gwada kama wuta ta kasa. A Baxi, E119 ƙarancin ruwa ne, E133 rashin kama wuta. A Ideal, F1 ƙarancin ruwa, L2 matsalar kama wuta. A Worcester Bosch, EA na nufin ba ta ga harshen wuta ba. Littafin na'urar yana da cikakken jerin, kuma in ya ɓace, sa sunan samfurin a intanet za ka same shi.

Mataki na huɗu: matsin ruwa

Wannan shi ne gyaran da mazaunin gida zai iya yi da hannunsa, kuma yana cikin waɗanda suka fi yawan faruwa. A gaban boilar ko a ƙasanta akwai ɗan agogo mai allura, wasu kuma lamba ce a allo. In boilar ta huce, allurar ta kamata ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. Ta faɗi ƙasa sosai, boilar kan ƙi tashi don kada ta ƙone kanta ba ruwa.

Kashe ta, ka bari ta huce. Leƙa ƙasanta, za ka ga wani gajeren tiyo mai saƙar azurfa, da ƙaramin famfo a kowane bakinsa, wani lokaci ɗaya kawai. Ta nan ake ƙara ruwa. Tabbatar bakunan tiyon a ɗaure suke. Buɗe famfo na farko gaba ɗaya, sannan na biyu a hankali. Za ka ji ƙarar ruwa yana shiga. Idonka a kan allurar, kada ka ɗauke shi, don tana iya hawa da sauri. Da ta kusa 1.5, rufe duka biyun tam. A wasu samfuran Worcester Bosch babu tiyon, wani farin makullin roba ne ake cusawa a ƙasan boilar. Littafin ya nuna yadda ake yi da hoto.

Abu biyu nake so a kula da su a nan. Na ɗaya, a ƙasan boila akwai bututu da yawa, har da na gas, wanda galibi hannunsa ɗorawa ne. In ba ka tantance wanne ne na ƙara ruwa ba, kada ka murɗa don gwaji. Aika wa mai gida ko injiniya hoto ya nuna maka. Na biyu, in ka cika ruwa ya wuce 2.5, rage shi ta hanyar sassauta 'yar ƙusar da ke saman radiyeta da makullinta, ka tara tsumma da kofi. A 3 boilar da kanta za ta fara zubar da ruwa ta wani bututu a bayan gida. In kuwa ka ƙara ruwa yau, bayan kwana biyu allurar ta sake faɗuwa, to akwai yoyo a wani wuri ko wani sashe a ciki ya lalace. Yawan ƙara ruwa ba zai magance shi ba, tsatsa ma yake jawowa.

Mataki na biyar: bututun da ke daskarewa

Tun daga shekarar 2005 aka wajabta cewa sababbin boilolin gas da ake sawa a Ingila da Wales su zama irin masu tatse zafin da ke cikin hayaƙinsu. Wannan tatsar tana haifar da ɗan ruwa mai tsami, wanda ke ɗiga ta wani bututun roba, fari ko toka-toka, zuwa magudana. A gidaje da yawa bututun ya ratsa bango ya bi ta waje. In sanyi ya kai ƙasa da sifiri, ruwan ya daskare a ciki, ya toshe, boilar ta kashe kanta. A tsananin sanyin da ya auka wa ƙasar a ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2018, wannan ne ya kashe boiloli masu ɗimbin yawa a lokaci guda, har injiniyoyi suka kasa kai wa kowa.

Alamarsa: an kwana ana ƙanƙara, boilar tana ƙugi kamar mai kurkure baki, ga lambar rashin kama wuta a allo. Fita ka nemo bututun robar da ya fito daga bangon da boilar take. Ƙanƙarar ta fi taruwa a bakinsa ko a inda ya lanƙwasa. Zuba masa ruwa mai ɗumi da buta, sannu a hankali, kana bin tsawonsa. Ba tafasasshe ba, don yana iya fasa robar, ga kuma haɗarin ƙuna. Ka maimaita har ka ji ƙanƙarar ta zube. Ka lura da ƙasan wurin, ruwan da ka zuba zai daskare ya zama santsi. In bututun a sama yake, kada ka hau tsani a kan ƙanƙara, bar wa masu aikin.

Bayan ƙara ruwa ko narkar da bututu, danna maɓallin da aka rubuta Reset a kansa, wasu sai an riƙe shi na 'yan daƙiƙoƙi. Sau ɗaya, in ya yi yawa sau biyu. Boilar da ta sake kulle kanta tana da dalili, a ƙyale ta. Iyakar abin da hannunka zai taɓa ke nan. Murfin boilar kuwa ba naka ba ne, ko da ka iya gyaran janareto.

Mataki na shida: wa za a kira

In haya kake, mai gida ko ejan ɗinsa za ka kira nan take, ka kuma bi da saƙo a rubuce mai kwanan wata da hoton allon. A Ingila, sashe na 11 na dokar mai gida da ɗan haya ta 1985 ya ɗora wa mai gida alhakin gyaran na'urorin ɗumama gida da ruwan zafi. Doka ta kuma tilasta masa sa a duba kayan gas kowace shekara, ya ba ka takardar shaida. Faɗa masa in akwai jariri, tsoho, mai ciki ko mara lafiya a gidan, ka nemi ya kawo hitar lantarki kafin a gyara. Kada kunya ta hana ka matsa masa, haƙƙinka ne, kana biyan kuɗinsa. In ya yi biris, kai ƙara sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukumarku, ka kuma nemi shawara wurin ƙungiyoyin taimakon jama'a irin su Shelter ko Citizens Advice. Sai dai kada ka daina biyan haya don fushi, hakan kan ba shi hujjar korarka.

In gidanka ne, duba ko boilar tana cikin garanti ko kana da inshorar gyara kafin ka kira wani. Duk wanda zai buɗe ta dole ya kasance cikin Gas Safe, rajistar injiniyoyin da doka ta yarda su yi aikin gas, wadda ta maye gurbin tsohuwar rajistar CORGI a 2009. Nemi katinsa a bakin ƙofa: akwai hotonsa da lambarsa da ranar ƙarewa, a baya kuma an jera ayyukan da aka yarda ya yi. Ana iya tabbatar da lambar a shafinsu. Wani zai ce maka akwai ɗan uwa mai arha da ya iya. In ba shi da katin, a yi masa godiya kawai. Tambayi kuɗin zuwa da na awa tun a waya, domin na dare da ƙarshen mako ya fi tsada. In injiniya ya rufe boilar ya liƙa mata takardar gargaɗi, kada a kunna ta.

Mataki na bakwai: kwanan da za a yi babu ita

A nan ne na fi jin tsoro. Mun tashi da kaskon garwashi a lokacin hunturu, don haka hankali kan tafi can da sauri. Gidajen nan a toshe suke ruf, tagogi masu gilashi biyu, ƙofofi masu roba a gefe, iska ba ta da mashiga. Gawayi a cikin irin wannan ɗaki yana cika shi da waccan gubar mara wari, mai barci kuma ba ya farkawa ya ji. Don Allah kada a shigo da gawayi, ko murhun gashin nama ko da ya yi kamar ya mutu, ko janareto. Kada kuma a bar kukar gas ko tanda a kunne don ɗumama ɗaki.

A tattara iyali a ɗaki ɗaya, a rufe ƙofa da labule, a toshe ƙasan ƙofa da tawul. Hukumar lafiya ta NHS tana ba da shawarar ɗaki ya kai digiri 18 aƙalla. Hitar lantarki a jona ta a soket ɗin bango kai tsaye, a nisanta ta da labule da gado kamar mita ɗaya, kada a shanya kaya a kanta, a kashe ta kafin barci. Riguna marasa kauri da yawa a jere sun fi babba guda ɗaya riƙe ɗumi. Jariri kuwa ba a sa masa gorar ruwan zafi a shimfiɗa, ba a rufe masa kai in yana barci. Ruwan alwala da wanka sai a dafa a butar lantarki a sirka, a fara zuba na sanyi a bokiti saboda yara. Wasu gidajen suna da shawa mai aiki da lantarki, wasu kuma suna da tankin ruwan zafi mai makunninsa daban a kabad, a duba. In akwai tsoho, mai naƙasa ko yaro ɗan ƙasa da shekara 5, a kira kamfanin gas a sa gidan cikin rajistar masu buƙatar kulawa ta musamman, kyauta ce. In sanyin ya fi ƙarfin ɗakin, a kai yara da tsofaffi gidan 'yan uwa ko abokan arziki su kwana.

Ranar da injiniya ya zo, kafin ya tattara kayansa, roƙe shi ya nuna maka famfon ƙara ruwa da hannun rufe gas, ya naɗe bututun wajen da soso mai hana daskarewa, ya kuma gwada ƙararrawar gano guba a gabanka.